Sun nemi jikin Pujara, sun manta da sanduna

Ina wannan rubutu a Janairun 2021, kwana shida ke nan da gama wasan kurket na Indiya da Ostireliya a filin Gabba, amma har yanzu ni da Yayana ba mu daina musu ba, jiya ma bayan isha sai da ya turo min saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp, duk a kan magana ɗaya: ni na ce Ostireliya ta yi kuskure da ta riƙa jifan jikin Pujara, mai bugun Indiya, maimakon neman sandunansa, shi ya ce ba haka ba ne. Ba ciki ɗaya muka fito ba, shi ne ya tarbe ni lokacin da na je karatu Haidarabad ta Indiya, ya girme ni da shekara huɗu, kuma shi ya fara kai ni filin bayan hostel inda yara suke buga kurket da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif. Tun daga nan nake ce masa Yaya, yake ce min ƙanena. Yanzu yana Zariya ni ina Kano, kuma cikin duk mutanen da na sani a nan shi kaɗai ne zan kira ƙarfe uku na dare a kan kurket ya ɗauka da sauri.

Na san yawancin masu karanta ni ƙwallon ƙafa suka sani, to bari in ɗan share hanya. Wasan Test shi ne doguwar kurket, kwana biyar ake yi, kowace tawaga tana shiga bugu sau biyu. Mai jifa yana jefo ƙwallo shida, wannan shi ne oba ɗaya, sai wani ya karɓa daga ɗaya bakin. Mai bugu yana tsaye da katakonsa gaban sanduna uku yana kare su yana neman maki, kuma ana fitar da shi idan ƙwallo ta bugi sandunan, ko ya buga aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare ta da ƙafa alhali sanduna ta nufa. Idan mutum goma suka fita an gama da tawagar. Idan kwana biyar suka cika ba a gama ba, canjaras ne. Ƙwallon kuma ba ta wasa ba ce, fata ce da aka ɗinke mai tauri kamar dutse, nauyinta kusan giram 160, kuma masu gudu suna jefo ta kilomita 140 zuwa sama a awa.

To Indiya ta je Ostireliya wasa huɗu. Na farko a Adeled aka yi musu abin da ba a taɓa yi musu ba, maki 36 kacal suka yi a shiga ta biyu, mai jifan Ostireliya Hazlewood ya fitar da mutum biyar da maki 8, abokin jifansa Cummins huɗu da 21. Kyaftin ɗinsu Kohli ya koma gida saboda matarsa ta kusa haihuwa, Shami ya karye a hannu, kowa ya ce shi ke nan an gama da su. Sai Rahane ya karɓi kyaftin ya buga 112 a Melbon suka rama. A Sidni suka riƙe canjaras da haƙori, Vihari da ciwon cinya, Ashwin da ciwon baya, suka tsaya sama da oba 40 ba wanda ya fita. A nan ne makirufon sanduna ya ɗauko muryar Tim Paine, kyaftin ɗin Ostireliya, yana ce wa Ashwin ya ƙosa su haɗu a Gabba. Yana da dalilin faɗa, domin tun 1988 da West Indies ta ci su a wannan fili na Birisben ba wanda ya sake cin Ostireliya a can, shekara 32.

Ranar Juma'a 15 ga Janairu aka fara. Birisben tana gabanmu da awa tara, ƙarfe goman safiyarsu ƙarfe ɗayan darenmu ne, ga hunturu ya sauka sosai, haka na yi dare biyar a falo cikin bargo da fulas ɗin shayi da waya a hannu, idan aka ɗauke wuta in koma kan fawa bank, idan netwok ya yi rauni in bar hoto in koma karanta rubutun jifa bayan jifa. Uwargida ta gaji da tambaya ta ƙyale ni, sai dai ta dafa shayin kafin ta kwanta, Allah ya saka mata.

Da na ga sunayen masu jifan Indiya wallahi jikina ya yi sanyi. Babu Bumrah, babu Ashwin, babu Jadeja, babu Umesh, babu Shami, Ishant bai ma zo ba. Babbansu Mohammed Siraj ne, wanda wasansa na uku ke nan a Test. Saini na biyu, Shardul Thakur na biyu, shi kuma a na farkon ƙwallo goma kawai ya jefa ya ji ciwo. Natarajan da Washington Sundar ranar suka fara, Natarajan ma an taho da shi ne don ya riƙa jefa wa 'yan wasa ƙwallo a wurin atisaye. A ɗaya ɓangaren Starc, Cummins, Hazlewood da Lyon, mutanen da idan ka haɗa waɗanda suka fitar a rayuwarsu sun wuce dubu, Lyon ma wasansa na 100 yake bugawa.

Siraj ɗan Haidarabad ne, shi ya sa nake jinsa a raina daban. Mahaifinsa direban a-daidaita-sahu ne, irin waɗanda muka riƙa hawa kullum zuwa makaranta, kuma Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba lokacin da yaron yana Ostireliya, ga dokokin killace mutane na korona, bai samu jana'iza ba, ya zauna ya ci gaba da wasa. Allah ya jiƙansa. Oba ta farko ta wasan Siraj ya fitar da Warner, mai buɗe wa Ostireliya bugu, da maki 1, Rohit ya cafe a silif, wato masu tsayuwa gefen mai tsaron baya suna jiran ƙwallon da ta goga gefen katako. Na miƙe tsaye ni kaɗai a falo.

Amma abin da nake so in yi magana a kai dabara ce, domin a nan musunmu yake. Tun daga Melbon duk mai lura ya ga Indiya tana yin wani abu da ba a saba gani ba a Ostireliya. Al'ada ita ce ka jefa ɗan waje da sandar farko, ɓangaren da mai bugu yake fuskanta, ka jera masu cafewa uku ko huɗu a silif ka jira kuskure. Su kuwa sai suka riƙa jefawa kai tsaye kan sanduna da kan ƙugu, suka cika ɓangaren ƙafa da mutane, ɗaya kusa a bayan ƙugu, ɗaya a tsakiya, ɗaya can nesa. Smith da Labuschagne, manyan masu bugun Ostireliya, mutane ne masu son matsowa gaban sanduna su murɗa ƙwallo ɓangaren ƙafa su samu makinsu a hankali, to sai aka toshe musu wannan hanya, ɗaya ɓangaren kuma ba a ba su ƙwallon da za su buga can ba. Smith ya yi 1 a Adeled, 0 da 8 a Melbon, Ashwin ya sa aka cafe shi a bayan ƙugu, Bumrah ya bi ta bayan ƙafarsa ya taɓa sanda. Ya dawo ya yi 131 a Sidni, gwani gwani ne, amma a Gabba yaron da ya fara ranar, Sundar, shi ya fitar da shi da 36, ya murɗa ƙwallo kai tsaye hannun Rohit a daidai wurin da aka ajiye shi don wannan bugun. Bayan an koma gida kocin jifan Indiya Bharat Arun ya bayyana cewa tun watan Yulin 2020 babban koci Ravi Shastri ya kira shi suka fara tsara yadda za su rufe wa Ostireliya ɓangare guda, kuma sun ɗauki darasi daga yadda Neil Wagner na Niyu Zilan ya takura wa Smith a ƙarshen 2019. Kun ga abin da ya sa ko da manya suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, yaran da suka shigo sun san inda za su jefa. Tsarin yana nan, mutum ne kawai yake canzawa.

Ostireliya ta yi 369, Labuschagne 108, shi ma da Rahane ya riƙe ƙwallon da ta zo masa yana 37 da labarin ya bambanta. Saini ya ji ciwo a matsematsi tun ranar farko, sai suka koma mutum huɗu. Natarajan uku, Thakur uku, Sundar uku.

Rana ta uku ce musunmu ya fara. Indiya tana 186 mutum shida sun fita, saura masu jifa kawai, na riga na cire rai. Thakur ya shigo, Cummins ya jefo masa gajeriya wadda take tashi zuwa kai, wadda ake kira bawunsa, ya juya ya ɗaga ta waje maki shida, makinsa na farko ke nan. Daga nan na ga Ostireliya ta shiga jefa wa yaran nan gajeru, kamar an ɗauka tsoro zai fitar da su tunda 'yan ƙasan layi ne. Suka haɗa 123 tare, Thakur 67, Sundar 62. Na tura wa Yaya saƙo na ce, Yaya kalli fa, mutanen nan sun daina neman sanduna. Ya ce ƙanena haka ake yi wa wutsiya a Ostireliya tun kafin a haife ka, ka bari ka gani. Na bari na gani, kuma yadda Thakur ya fita shi ne Cummins ya tura masa doguwa ta wuce tsakanin katako da ƙafa ta tumɓuke sanda. Indiya 336, tazarar 33 kacal, alhali da safe ana maganar 130 ko fiye.

Shiga ta biyu Ostireliya ta fara da gudu, 89 ba wanda ya fita, sai ga su 123 mutum huɗu a waje, Siraj ya cire Labuschagne da Wade a oba ɗaya. Ya saki ƙwallon Smith a bakin layi, raina ya ɓaci don na san yadda yaron zai ji, sai kuma shi da kansa ya jefo wata da ta tashi daga ƙasa ba zato ta bugi safar hannun Smith ta faɗa hannun Rahane, 55. Ya gama da biyar da maki 73, Thakur huɗu da 61. Da ya ɗaga ƙwallon sama yana fita daga fili Bumrah ya rungume shi a bakin layi, ni dai hawaye ne ya zubo min, ban ɓoye ba. Ostireliya ta tsaya a 294. Indiya tana buƙatar 328, a filin da mafi yawan abin da aka taɓa bi aka cimma a shiga ta ƙarshe shi ne 236, tun 1951.

Talata 19 ga wata, sha biyu da rabi na dare aka fara saboda ruwan sama ya ci lokaci a kwanakin baya. Oba 98, saura maki 324, ƙasa ta dare ta yi tsaga-tsaga. Canjaras ma ya ishi Indiya ta riƙe kofin Border da Gavaskar tunda ita ta ci a zuwan 2018 zuwa 2019, Ostireliya ce dole sai ta fitar da mutum goma. Ku riƙe wannan, domin shi ne gindin maganata: wanda yake buƙatar mutum goma a rana ɗaya ba shi da ƙwallon ɓatarwa.

Cummins ya cire Rohit da 7, doguwa ce a bakin sandar farko ta goga katako Paine, wanda shi ne mai tsaron bayansu, ya cafe. Daidai yadda ya kamata. Sai Pujara ya shigo ya haɗu da Gill, yaro ɗan shekara 21. Lyon, mai murza ƙwallo a hankali maimakon jifa da gudu, ya kusa samun Pujara da wuri, ya tare da ƙafa, aka duba na'ura ta nuna ƙwallon tana shafar saman sanda amma bai kai a soke hukuncin alƙali ba. Daga nan kuma sai aka koma kan jikinsa. Hular kwano, kafaɗa, haƙarƙari, ƙirji, hannu, sau wajen goma ƙwallo ta same shi. Akwai wadda Hazlewood ya jefo ta matse masa yatsa jikin mariƙin katako, ya yar da katakon ya durƙusa, likita ya shigo, na ɗauka ya tafi ke nan. Ya sha magani ya tashi ya gyara tsayuwa. Abin da yake yi a fili yake, ya sauke hannuwansa ƙasa ya bar ƙwallon ta bugi jiki, domin ƙwallon da ta bugi jiki ko an cafe ba a fitar da mutum, sai wadda ta taɓa safar hannu ko katako. Mutumin da ya yanke shawarar zai sha duka ba zai ɗaga katako ba, ka jefa masa gajeriya ɗari ba ka da hanyar fitar da shi, sama da sanduna take wucewa, ba za ta buge su ba, ba za a ce ya tare da ƙafa ba. Hanya biyu cikin uku ka rufe wa kanka da hannunka.

Wajen ƙarfe uku aka tafi hutun abinci Indiya tana 83 mutum ɗaya, sai Yaya ya kira. Ya ce ƙanena kai matsalarka kana kallon allo ne kawai, ba ka taɓa tsayawa an jefo maka abu a kai ba. Shi ya yi jifa a tawagar sashensu, yana da tsawo, ya san daɗin ganin mai bugu yana ja da baya. Hujjarsa ita ce gajeriya ba don ta fitar da mutum nan take ake jefa ta ba, don ta tura nauyinsa ƙafar baya ne, ta sa ƙafarsa ta yi nauyi, sai ka turo doguwa ya makara. Ya ce ga tsaga a ƙasa, wata ƙwallon tana tashi wata tana kwanciya, ƙwallon Kookaburra da ake amfani da ita a Ostireliya ɗinkinta yana lafewa bayan oba 20 ko 25, ba ta lanƙwasa a iska kamar Dukes ta Ingila, to me kake so su yi da tsohuwar ƙwallo, su riƙa miƙa masa a gaba yana tarewa har magariba? Ya kuma tuna min yadda Cummins ya fitar da Pujara da 50 a Sidni, ƙwallo ce da ta tashi ta goga safar hannu, da kuma yadda Siraj ya samu Smith jiya-jiya a wannan ƙasar.

Na ce Yaya na yarda da rabin maganarka, gajeriya gishiri ce, amma su sun mayar da ita tuwon. Kuma waɗannan biyun da ka kawo ba bawunsa ba ne, ƙwallaye ne da aka ajiye a tsayin da dole mutum ya buga, ƙasa ce ta tayar da su. Wannan shi ne amfanin tsaga, ka sa mutum ya buga kowace ƙwallo bai san wadda za ta tashi ba. Idan ka buga ta a tsakiyar fili ya riga ya san sama za ta, ya samu lokacin kaucewa ko juya kafaɗa. Na ce masa mu ƙirga fitar Pujara a wasannin nan. Adeled, Lyon ɗaya, Cummins ɗaya a hannun Paine. Melbon, Cummins sau biyu, duka gefen katako. Sidni, waccan ta safar hannu, sai Hazlewood da ya tumɓuke masa sanda yana 77. Gabba shiga ta farko, Hazlewood, gefen katako, hannun Paine. Ina wadda aka fitar da shi don ya ji tsoron kansa? Kuma 36 ɗin Adeled da suke alfahari da ita, ai ba da duka suka same ta ba, dogaye ne a bakin sandar farko, ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suna gogawa ana cafewa. Sun san maganin, su suka haɗa shi, ranar da suka fi buƙatarsa suka ajiye.

Bayan hutu aka gwada wa Gill irin wannan da Starc, mutane a bakin layi ɓangaren ƙafa ana jira ya ɗaga. Doka ta ce gajeriyar da ta wuce kafaɗa biyu kawai a oba, kuma mutum biyu kawai za ka ajiye a bayan mai bugu ta ɓangaren ƙafa, dokar da asalinta yake komawa rikicin 1932 zuwa 1933 lokacin da kyaftin ɗin Ingila Jardine ya sa mai jifansa Larwood ya riƙa jifan jikin Bradman na Ostireliya da abokansa. To tarkon yana da iyaka, kuma Gill yaro ne da ya tashi yana son ƙwallon da ta zo ƙirji. Oba ɗaya ta Starc ta ci maki 20, ya ɗaga shida ya biyo da huɗu sau biyu, Pujara ma ya samu huɗunsa. A wannan obar ce a ganina wasan ya juya, domin daga nan Indiya ta daina lissafin canjaras ita kaɗai. Wa ya fitar da Gill? Lyon, da ƙwallon da ya tura waje kaɗan ya jawo shi ya miƙa katako, Smith ya cafe a silif, 91.

Maganar Lyon ma akwai abin cewa. Shane Warne, tsohon gwanin murza ƙwallo na Ostireliya, yana cikin masu sharhi yana ta nanata a ajiye mutum dab da katakon Pujara ta gabansa, domin Pujara yana fitowa ya tare mai murza ƙwallo da ƙafa da katako a haɗe, kuma idan babu kowa a wurin ba abin da zai hana shi. An yi ta jinkirin yin hakan. Yaya ya ce Paine yana tsoron maki ne, ni na ce to ai nan ne matsalar, kyaftin ɗin da yake neman mutum goma amma rabin zuciyarsa tana tsaron maki, ƙarshe bai samu ko ɗaya ba.

Rahane ya shigo da sauri ya yi 24 ya fita, aka turo Pant gaban Agarwal, wanda ya nuna niyyarsu ƙarara. Hutun shayi ya zo daidai kiran asuba a unguwarmu, 183 mutum uku, saura 145. Na je masallaci na dawo da sanyin nan mai shiga ƙashi, ina zama Paine ya kuskure damar fitar da Pant, Pant ya fito daga layinsa jifar Lyon ta wuce shi, da Paine ya kama ya taɓa sanduna da ya fita, amma ƙwallon ta tashi bai kama ba. Yaya ya rubuto nan take, ka gani, ba dabara ba ce, hannu ne. Kuma gaskiya a nan yana da ƙarfi, domin a Sidni ma Paine ya saki uku a ranar ƙarshe. Akwai wata da Lyon ya jefa ta faɗa tsaga ta juya har ta tafi wajen silif, duk wani mai hankali zai ja baya, Pant kuwa ta gaba ya fito ya ɗaga ta shida. Irin wannan yaro ba ka da tsarin da zai kama shi kullum, na yarda.

Amma ga abin da ya sa ban sauka daga maganata ba. Bayan oba 80 ana ba da sabuwar ƙwallo. Indiya tana 228, saura 100 cif a oba 20. Cummins ya karɓa, ƙwallo ta biyu ya ajiye ta a tsayi mai kyau ta shigo ciki ta bugi ƙafar Pujara gaban sanduna, alƙali ya ɗaga yatsa. 56 daga ƙwallo 211. Duk dukan da ya sha tun dare bai fitar da shi ba, wadda ta nufi sanduna ce ta fitar da shi. Yaya ya ce sabuwar ƙwallo ce ta yi aikin kuma dukan ne ya gajiyar da shi. Na ce wa dukan ya fi gajiyarwa, shi ko masu jifan?

Domin wannan ne ɓangare na biyu na laifin, kuma ba na Paine shi kaɗai ba ne. Mutum huɗun nan su suka buga duka wasanni huɗu ba a hutar da ko ɗaya ba. A Sidni sun jefa oba 131 a shiga ta ƙarshe, suka huta kwana uku, suka zo Gabba suka jefa sama da 111 a shiga ta farko cikin zafin Birisben. Cameron Green, na biyar ɗinsu, bai fitar da kowa ba a duk wasannin. Pujara shi kaɗai ya tare ƙwallo 928 a wasa huɗu. Bawunsa kuma ita ce jifar da ta fi cin ƙarfi, sai ka sa baya da kafaɗa gaba ɗaya. Starc ya gama shigar da oba 16, maki 75, ba ko mutum ɗaya, kuma kowa ya ga ba shi ne Starc ɗin da aka sani ba, har ya zama Paine ba ya iya miƙa masa ƙwallo da kwanciyar rai, komai ya koma kan Cummins. Cummins jarumi ne, oba 24, mutum huɗu da maki 55, 21 a duka wasannin, shi aka ba gwarzon gasar kuma ya cancanta. Amma lokacin da ake saura kusan 50, ya jefo wa Sundar gajeriya, yaron ya ɗaga ƙafa ɗaya ya juya ta waje shida, ta gaba ta tafi huɗu. Cummins na ƙarfe goma na safe ba za a yi masa haka ba. Wannan na ƙarfe biyar na yamma ne.

Sauran kun gani ko kun ji. Sundar ya fita da 22 yana ƙoƙarin juya katako wa Lyon, Thakur ya fita saura uku, zuciyata tana bugawa kamar ganga, yara sun tashi suna shirin makaranta suna kallona, sai Pant ya tura ƙwallon Hazlewood ƙasa-ƙasa ta miƙe har layi. 329 mutum bakwai, saura oba uku, Pant 89 bai fita ba. Wajen takwas da rabi na safe ne a Kano. Na kira Yaya muka yi shiru a waya na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙanena yau mun ga abu. Rahane ya ba Lyon riga da duk 'yan wasan Indiya suka sa wa hannu don wasansa na 100, shi kuma ya tsaya a mutum 399, ɗaya ya rage masa ya cika 400. Kofin kuma aka miƙa wa Natarajan ya ɗaga, mutumin da aka kawo don atisaye.

Saƙon jiya na minti bakwai, Yaya ya ɗan matso amma bai sauka ba. Yanzu yana cewa tsarin daidai ne, tsawaita shi ne kuskure, da an yi oba biyar ko shida an koma kan sanduna da ba mu wannan maganar, kuma da Paine ya kama waccan ƙwallon da ni ne zan riƙa yabon bawunsa yau. Na ce masa ko da Pant ya fita a lokacin, awannin da aka ɓata a jikin Pujara ba za su dawo ba, canjaras za a yi, kofi kuma ya tafi Indiya duk da haka. Bai amsa wannan ba tukuna. Ya dai ce in shirya, Ingila tana zuwa Chennai ranar 5 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na asuba agogonmu za a fara, ƙasa ce ta masu murza ƙwallo, kuma yana so ya ji me zan ce idan Archer, mai jifan Ingila, ya fara jefa wa Gill gajeru a can.